Shekarar da Na Hana Makulli

Kwanan baya, ranar sunan da aka yi a gidan ɗan'uwanku Nasiru, ina zaune bayan ɗaki ina tsinkar zogale na ji matanku suna hira. Ɗaya ta ce wa ɗaya, ai da Inna ta ba da makulli a shekarar yunwa, da shanun Baba ba su tahi ba, da Ramatu ba ta tashi ƴar firit haka ba. Ban yi tari ba, ban motsa ba, na bari suka gama. Ba ƙarya suka yi ba, rabin magana ce a hannunsu. Babanku ya rasu, Yaya Iliya ya rasu, cikin manyan da aka yi abin a gabansu ni kaɗai na rage. Shi ya sa nake so ku ji ɗaya rabin daga bakina, ku ɗiyana, tun hankalina yana jikina.

Mu biyu muka rayu cikin waɗanda uwarmu ta haifa, a wani ƙauye kusa da Tibiri, ƙasar Gidan Rumji. Yaya Iliya ya girme ni nesa, shi ke ɗora ni a wuya in za a gona. Ya taɓa lakol kaɗan, daidai abin da zai karanta takarda, amma hannunsa ya fi kansa gudu. Duk abin da ya lalace a ƙauyen, fitila ce ko kwado, shi ake kai wa. Bahago ne, kuma an sha dukansa a kan haka bai daina ba. Yana saurayi ya tahi cin rani Abijan, daga can muka ji wai ya shiga jirgin ruwa zuwa Faransa. Shekarun farko yana aiko da saƙo, daga baya saƙon ya yi ta ja baya har ya ɗauke. Sa'ad da ya dawo an riga an kawo ni Gazawa gidan babanku, har ina da goyo na biyu. Na tahi gida tarbonsa. Rabin ƙauye ya fito bakin hanya, kowa yana jiran ya ga abin da mutumin Faransa zai sauke daga mota. Akwatin ƙarfe guda ya sauke, da wata kwat mai nauyi a kafaɗa. Ya rame, ya yi shiru, ba mata ba ɗa.

Da aka zauna a zaure, dattawa suka tambaye shi aikin da ya yi a can. Ya ce a wata masana'anta yake, inda suke ƙera wani inji da ake jona wa tele, wato talabijin, yara su yi wasa, amma an rufe wurin kafin injin ya fita kasuwa. Wani baffanmu ya dube shi ya ce:

"Iliya, kai da gemunka ka ƙetare teku don ka ƙera abin wasan yara? Kuma abin ma bai fito ba?"

Aka yi dariya. Tun daga ranar bai sake ba kowa labarin Faransa ba. Wasu suka ce gidan kaso ya zauna a can, wasu suka ce shara ya yi ta yi, wasu suka ce kansa ya taɓu. Shi dai bai musa wa kowa ba.

Da uwarmu ta rasu, ya zama ba mai dafa masa, na roƙi babanku ya bari in ɗauko shi. Wannan ku riƙe shi da kyau, don za ku ji abin da babanku ya yi daga baya, kuma ba na so ku auna shi da rana guda. Bai yi mani gardama ba ko kaɗan. Cewa ya yi ɗan'uwanki ɗan'uwana ne, ga ɗakin kusa da zaure nan, a share masa. Da hannunsa ya yi wa ɗakin sabon yaɓe. Yaya Iliya ya zauna tare da mu har kuka girma a gabansa. Yana gyaran rediyo a gindin wata bedi kusa da tasha, ranar kasuwar Gangara kuma ya bi mota da kayan aikinsa, abin da ya samo ya zuba mani a tafi ba tare da ya ƙirga ba. Da idonsa ya fara hazo, hannun ya kama rawa, aikin ya tsaya. Lokacin ne ya kira ni ɗakinsa ya miƙo mani makullin akwatin.

"Zulai, na fara mance inda nake ajiye abu. Riƙe mani wanga. Kada ki ba kowa sai ni."

Na ɗaure shi a bakin zanena, nan ya zauna.

Na san abin da ke cikin akwatin, ku ma manyanku kun sani. Ban da tsofaffin tufafi da ƙarfen liƙa dalma, akwai wani abu naɗe cikin tawul: allo ne kore, faɗinsa kamar faifai, fuskarsa cike da ƴan baƙaƙen duwatsu masu ƙafafu da ƴan gwangwanaye, bayansa kuma siraran wayoyi jajaye sun bi ko'ina kamar jijiyar ganye. Ba shi da gida, tsirara yake. Sau ɗaya, kuna ƙanana, ya aro tele baƙi da fari da batirin mota ya jona shi, kuka ga wasu ƴan ɗigo suna bin juna a gilashi kuna ta tsalle. Ni ban ga wani abu a ciki ba, na koma ga tukunyata. A wurina tarkace ne irin wanda kowane mai gyara ke tarawa, sai dai wannan yana ƙaunarsa.

To, sai wannan shekarar ta zo. Daminar da ta gabace ta ruwa ya ɗauke gero yana tsakar fidda kai, abin da muka girbe bai kai rabin rumbu ba. Cikin rani muka ji a rediyo soji sun kifar da gwamnati a Yamai, sun ce ba zama suka zo yi ba, za su shirya zaɓe su maida mulki ga farar hula. Maza suna ta muhawara a tasha kan wanda zai tsaya da wanda zai faɗi, mu mata muna duban ƙasan rumbu. Kafin bazara ta yi nisa samarin unguwarmu duk sun ƙetara Najeriya. Ciyawa ta ƙare a daji, Fulani suna wucewa da shanu kamar katako, wadda ta durƙusa a bar ta nan. Babanku yana da shanun huɗa biyu, Baƙi da Goje, da su yake noma gonarmu ya kuma yi wa mutane huɗa a biya shi. Su ne ƙarfin gidan. Muna ci sau ɗaya a wuni, su kuma kullum sai an nemo masu dusa da kara, abin da a lokacin ya kusa kama tsadar hatsi. Ƴar'uwarku Hadiza ta dawo gida da goyonta Ramatu, don mijinta ya tahi Legas bai aiko da komi ba.

Cikin haka Nasiru ya zo daga Maraɗi, inda yake gyaran salula a rumfar wani. Kawunsa ya ce in buɗe akwatin, yana so yaron ya duba masa ko tsatsa ta kama allon, tunda shi ba ya gani sosai. Na buɗe, na tsaya a bakin ƙofa. Nasiru ya fito da shi haske, ya juya gaba, ya juya baya, sannan ya ce:

"Kawu, ina sunan kamfanin? Kowane allo da na taɓa buɗewa da tambarin masu shi a jiki. Wannan babu. Kuma waɗannan wayoyin ba inji ya ɗora su ba."

"Hannu ne," in ji Yaya Iliya.

"Ga ƴan takardu an liƙa kan duwatsun, an rubuta lamba da biro. Kawu, wannan ba na sayarwa ba ne. Na gwaji ne, wanda ake yi kafin a yi na kasuwa."

Yaya Iliya ya yi murmushi, ya ce ashe Maraɗi ana koyon wani abu. Nasiru ya roƙe shi ya ɗauki hoto da salularsa, ya yarda.

Ni ban san yadda ake yi ba, amma Nasiru ya ce a Maraɗi akwai ɗakin da ake biya a zauna gaban kwamfuta, ya sa hotunan inda masu son tsofaffin injuna ke haɗuwa. Kafin amsa ta zo, ya nuna wa mutane a nan kusa. Mai sayen tsohon ƙarfe ya ce in an kawo zai ɗora a sikeli, ba zai wuce kuɗin kwanon fura ba. Wani ɗan kasuwa da ke shigowa daga Katsina ya ƙura wa hoton ido, ya ce zai ba da kuɗin tunkiya, kuma yadda ya yi saurin faɗa ya sa Nasiru ya gane abin ya fi tunkiya. Sannan wani Bafaranshe ya rubuto. Ya ce shi aikinsa tara irin waɗannan injuna, yana da ɗaki guda da mutane ke zuwa kallo. Ya ce ya daɗe yana jin labarin wannan injin da bai fito ba, hotonsa kawai ya taɓa gani a tsohuwar jarida, bai san akwai wanda ya tsira ba. Ya nemi hoton baya, ya nemi na gefe, ya nemi a matso kan rubutun biro. Da ya gamsu ya faɗi abin da zai biya. Nasiru ya baro aikinsa ya zo Gazawa takanas don ya faɗa mana baki da baki. Ba zan faɗi adadin ba, don kowane ɗayanku ya riga ya ƙara masa nasa. Abin da na sani, zai ciyar da mu da shanun har kaka, a yi saura.

Babanku ya yi alwala ya yi nafila. Da la'asar ya shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin Yaya Iliya, ya zauna, ya yi masa bayani a hankali, da ladabi, kamar yadda ƙane ke yi wa wa. Yaya Iliya ya saurara har ƙarshe, kansa a sunkuye.

"Malam Habu, ka yi haƙuri. Ba na sayarwa ba ne."

Babanku ya zaci ciniki ne, ya ce ai ana iya neman ƙari. Yaya Iliya ya ce ba kuɗin ba ne. Babanku ya naɗe tabarmarsa ya tashi.

Washegari da hantsi ina sussukar ɗan abin da ya rage, Yaya Iliya ya lallabo da sandarsa ya zauna a kan turmin da ke kife. Ban tambaye shi ba, shi ya fara. Ya ce a can masana'antar su kaɗan ne a ɗakin da ake gwajin, shi kaɗai baƙar fata. Masu ilimin su zana, su kuma su ɗora. Shugabar teburinsu wata mata ce, Madam suke ce mata, ita ta ɗauko shi daga ɗaukar kwali ta zaunar da shi kusa da ita don ta ga yadda yake riƙe ƙarfe. Damina biyu suna kan wannan injin. Ranar da aka ce an rufe, aka ba da umarni a farfasa duk allunan gwaji a zubar. Madam ta rufe ƙofa, ta ɗauki waɗanda suka rage ta ba kowa ɗaya, ta ce su sa cikin riga.

"Wanda ta ba ni, ni na ɗora wayoyinsa, Zulai, ɗaya bayan ɗaya. Ba ni da gona, ba ni da ɗa. Ƙuruciyata duka can na bar ta. In wanga ya tahi, abin da baffa ya faɗa a zaure shi ne zai zama gaskiya."

Na ce masa Yaya, yara na jin yunwa. Ya ce ya sani, daga yau a raba tuwonsa biyu a ba Hadiza rabi. Haka kuwa ya yi, kullum kwanonsa ya dawo da rabi a rufe.

Ranar Juma'a ce babanku ya shigo ɗakina bayan Yaya Iliya ya bi maƙwabta masallaci. Shi bai tahi ba tukuna, ga Nasiru tsaye a bayansa yana kallon ƙasa. Da safen nan Goje ya kasa tashi sai da aka taru aka ɗaga shi.

"Zulai, ba ni makullin. Nasiru zai kai abin Maraɗi. In Yaya ya dawo daga masallaci ni zan faɗa masa, laifin a kaina."

Na ce ba nawa ba ne, ajiya aka ba ni.

"Shekara nawa yana cin geron gidan nan? Na taɓa yi masa gori? Yau gidan na bukata, ga magani a cikin ɗakina, ki ce mani ajiya?"

Bai taɓa yi mani magana haka ba. Kuma duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Na ji makullin yana taɓa cinyata ta cikin zane. Na tuna Ramatu, na tuna shanun. Amma mutumin nan makaho ne rabi, duk duniya ba wanda ya amince wa sai ni, ya fita sallah ya bar ɗakinsa a buɗe don ya san makullin na wurina. Na durƙusa na ce:

"Malam, ka sayar da awakina, ka sayar da kwanonin jerena, ka sayar da gadon. Wannan kam sai ya ce a bayar."

Yana iya fasa akwatin da gatari, kwadon ba wani kwado ba ne. Nasiru ma yana iya buɗe shi da tsinken waya. Babanku ya tsaya yana dubana, sannan ya juya ya ɗauki buzunsa ya tahi masallaci. Bai fasa ba, bai kuma sa a fasa ba.

Abin da ya biyo baya kun gani da idonku. Awakina suka tahi a kuɗin banza, don kowa sayarwa yake ba mai saye. Kwanonin suka bi su. Muka shiga layin geron rahusa da hukuma ta kawo, wata rana a samu wata rana a dawo da buhu wayam. Muka koma ga tafasa da anza, wadda sai an jiƙa ta an yi ta zubar da ruwan kafin ɗacinta ya fita. Goje ya mutu ana saura kaɗan ruwan shuka ya sauka. Baƙi kuma babanku ya ja shi kasuwa da kansa ya ba mahauta, ya dawo da igiyar a hannu ya rataye ta a zaure. Da ruwa ya zo, mutumin da ke yi wa rabin unguwa huɗa ya ɗauki hauya ya duƙa kamar ɗan ƙwadago. Ciwon bayan da ya bi shi har kabari a daminar nan ya samo shi. Bai zage ni ba, bai ɗaga mani hannu ba, amma ya daina yi mani magana sai ta dole. Ya daina zama a ƙofar ɗakin Yaya Iliya. In sun haɗu a zaure, sallama kawai. Nasiru ya koma Maraɗi bai yi mani ban kwana ba.

Tsakiyar damina Ramatu ta kama zawo. Nonon Hadiza ya riga ya ƙafe. Yarinyar ta daina kuka, gashinta ya yi ja, ƙafafun suka kumbura. A likitar Gazawa suka zagaya mata wani ɗan ma'auni a dantse, suka ce tamowa ce mai tsanani, a wuce da ita Agiye inda ake kwantar da irinsu. Muna shirin fita, Yaya Iliya ya ce a miƙo masa ita. Ya ɗora ta a cinya, ya lalubo dantsenta, ya zagaye shi da yatsa biyu, yatsun suka haɗu har da saura. Hadiza ta karɓe ɗiyarta ta goya, ta yi gaba. Da na dawo daga raka su tasha, na same shi zaune a inda muka bar shi.

"Zulai, kawo makullin. Ki aika wa Nasiru ya gaya wa mutumin."

Na kwance na ba shi. Ya lallaba ɗakinsa ya yi ta laluben kwadon, amma bai bari na taya shi ba.

Bafaranshen ya turo wakilinsa daga Yamai, wani Bazabarme mai suna Musa, aka yi za a haɗu a Maraɗi. Yaya Iliya ya ce shi zai kai da kansa, ni kuma na ce ba zai hau mota shi kaɗai ba. Muka shiga ƴar motar haya a matse, allon cikin tawul ɗinsa a ƙirjinsa, ya rungume shi da hannu biyu duk ramin da muka faɗa. A rumfar da Nasiru ke aiki aka share tebur. Musa ya sa safar hannu, ya fito da gilashin ƙara girma, ya kunna kwamfuta ta yadda Bafaranshen yake ganinmu muna ganinsa. Suka bi allon lungu lungu. Can Musa ya tsaya a kan wasu ƴan gwangwanaye biyu, ya ce waɗannan ba ƴan'uwan sauran ba ne. Nasiru ya yi saurin cewa wani abu, kawunsa ya ɗaga masa hannu.

"Ni na canza su. Na asalin sun zube, na ciro waɗannan daga wata rediyo a Gangara. Da ban canza ba da ya mutu."

Suka yi shawara da Faransanci, Nasiru ya raɗa mani cewa za a rage kuɗin, don masu tara irin wannan sun fi son abu yadda ya fito ko da matacce ne. Aka rage da yawa. Yaya Iliya bai yi ciniki ba.

Ina tsammanin an gama, sai Bafaranshen ya ce a dakata. Ya ce tun da ya ga hotunan yake neman waɗanda suka yi aiki a masana'antar, ya samu mutum ɗaya a wani gidan tsofaffi, kuma ta ce in mai allon bahago ne tana so ta ji muryarsa. Ya buga waya a can, ya kara ta kusa. Muka ji wata tsohuwar murya, siririya, ta ce:

"Eli?"

Ban taɓa jin an kira shi haka ba. Yaya Iliya ya miƙe tsaye, shi da sai an kama shi yake tashi. Ya cire hularsa. Sai Faransanci ya ɓalle masa kamar an buɗe rijiya, mutumin da a gidana ba ya haɗa magana goma a wuni. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na ji yana dariya, irin dariyar da na sani tun ina kan wuyansa. Nasiru yana fassara mani guntu guntu, idonsa ya yi ja. Wai ta ce ta gane ɗaurin wayar tun a hoto, don shi kaɗai ke lanƙwasa ta ta hagu. Wai tana tuna yadda yake shiga ɗakin kwalaye ya yi sallah ita kuma ta tsaya masa a ƙofa. Wai nata allon ɗiyanta sun zubar da shi wajen ƙaura. Ta tambaye shi ko ya yi aure, ya ce a'a, amma yana da ƙanwa, ga ta nan. Masu gyaran salula na rumfunan kusa duk sun bar aikinsu sun taru a ƙofa. Da aka gama, shi da kansa ya naɗe allon ya miƙa wa Musa, tawul ɗin ma ya bar masa.

A hanyar dawowa muka sauka Agiye. Ramatu tana kwance da ɗan bututu a hanci, amma ta fara karɓar madarar da suke ba ta. Yaya Iliya ya zaro kuɗin daga aljihu yadda aka ba shi, ya cire wani abu ya ajiye kusa da Hadiza, sauran ya danƙa mani ya ce in kai wa mai gidan. Hadiza ta ce an gode, ba ta ɗago ba. Har yau ban ce ta yi laifi ba. Yarinyar ta rayu, ga ta nan kuna gani, amma ba ta taɓa cika jiki ba, kuma ba ranar da zan dube ta ban tuna Juma'ar nan ba. Duk da haka, da za a maido ni ɗakin, makullin a zanena, mai shi yana masallaci, abin da na faɗa shi zan sake faɗa.

Rana ta yi sanyi muka iso tashar Gazawa. An yi ruwa, hanyar gida duk caɓi, ina tunanin yadda zan ja tsoho a cikinta. Sai na hango babanku tsaye gefen rumfar mai shayi, riƙe da linzamin jakin maƙwabcinmu, an ɗaura masa amalanke, an shimfiɗa tabarma a kai. Ban san tun yaushe yake jira ba. Ya matso, bai dube ni ba, ya kama hannun Yaya Iliya.

"Yaya, hau. Ƙafarka ba ta iya wannan laka."

Na miƙa masa ƙullin kuɗin a nan, ya ce in riƙe sai mun je gida. Muka kama hanya, shi yana jan jaki, ni ina biye. Mun yi nisa, sannan na ji Yaya Iliya ya ce:

"Malam Habu, na makara."

Babanku ya ci gaba da tahiya, har na zaci bai ji ba. Can ya ce:

"Geron gabas ya fara fidda kai. Gobe in ka ji ƙarfi sai in kai ka ka taɓa."

Kuɗin ya kai mu kaka, ya sayi ɗan maraƙi guda wanda sai da ya shekara biyu kafin ya ja garma, shi ma sai an haɗa shi da na wani. Yaya Iliya bai ga haka ba. Ya jefa ƙuri'arsa a zaɓen da aka yi cikin sanyi, babanku ne ya riƙe masa hannu har cikin rumfar, bayan ƴan kwanaki ya kwanta, bai tashi ba. Dangi suka zo daga Tibiri suka ce a ba su shi su kai gida kusa da uwarmu. Babanku ya ce a nan ya ci a nan ya sha, a nan za a rufe shi. Mu mata ba mu zuwa maƙabarta, Nasiru ne ya faɗa mani cewa da aka zo sa shi, samari suka yunƙura za su shiga ramin, babanku ya dakatar da su. Ya tuɓe takalmansa, ya dafa bakin kabarin, ya sauka a hankali saboda bayansa, ya ɗaga hannu biyu ya ce a miƙo masa ɗan'uwansa.